DARASI: Yadda zafi ke tafiya a gonar kaji da kifi, da lissafin da za ka yi kafin ka sayi fayif ko fanka



Sau biyu a shekara ake yawan kuka a wannan sana'a tamu. Disamba da Janairu masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke kuka: ƙwai ya ƙi fashewa da wuri, wanda ya fashe kuma 'ya'yan su kwanta a ƙasan baho su ƙi cin abinci. Daga Maris zuwa Mayu sai kukan ya koma wajen masu buroila da kajin ƙwai, kaza ta kai kilo biyu, saura kwana uku a sayar, ƙarfe uku na rana ka tarar da ita a miƙe. Duka biyun matsalar zafi ce. Da hunturu yana gudu daga ruwan da muke son ya zauna, da bazara kuma ya ƙi fita daga jikin kaza.

Injiniyoyin manyan masana'antu sun daɗe da sanin maganin wannan. Na'urori iri biyu suke ƙerawa. Ta farko na'urar musayar zafi, wadda ke ɗauke zafi daga wani ruwa ta ba wani ba tare da sun gauraya ba. Lagireton mota ita ce, baƙar ragar bayan firji ita ce, matatar mai ta Kaduna cike take da manyansu. Ta biyu na'urar ƙafar da ruwa, irin wadda kamfanin sukari ke dafa ruwan rake da ita har ya yi kauri. Ƙa'idojin da suke bi wajen zana waɗannan na'urori ba su da yawa, kuma su ne dai ke aiki a bahon kifinka da ɗakin kajinka. Yau su nake so mu koya, da lissafinsu. Ku ɗauko biro da takarda.

1. LAMBOBI BIYU DA ZA KA HADDACE

Ana auna yawan zafi da kilojul. Yunit ɗaya na mitar wutar lantarki kilojul 3,600 ne, wato abin da hita mai wat 1,000 ke ci a awa ɗaya.

Lamba ta farko ita ce 4.2. Kafin ka ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, sai ka ba shi kilojul 4.2. Ke nan tanki mai lita 1,000 yana cin kilojul 4,200 a kan kowane digiri, yunit ɗaya da 'yan kai. Mai son ɗaga wannan tanki daga digiri 21 zuwa 29 ya shirya fiye da yunit 9. Shi ya sa wanda ya jefa ƙaramar hitar shayi a tanki yake ganin kamar ba ta aiki. Tana aiki, aikin ne ya fi ƙarfinta.

Lamba ta biyu ita ce 2,400. Duk lita ɗaya na ruwa da ya ƙafe ya bi iska, yana tafiya da kimanin kilojul 2,400. Raba wannan da 4.2, za ka ga ƙafewar lita ɗaya tak tana iya sauke zafin lita 570 da digiri ɗaya. Wannan shi ne sirrin ruwan randa, shi ne sirrin gumi. Ku riƙe lambar nan da kyau, za mu dawo kanta sau da yawa.

2. ABU UKU DA KE SA ZAFI YA RATSA

Zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi. Saurin tafiyarsa ta cikin bangon fayif ko kwano ya rataya a kan abu uku:

Na ɗaya, faɗin fuskar da suka haɗu. Fayif mita 10 yana ratsar da ninkin abin da mita 5 ke ratsarwa. Waɗancan siraran fukafukan jikin lagireto ba ado ba ne, faɗi ake nema a ƙaramin wuri.

Na biyu, tazarar zafi tsakanin ɓangarorin biyu. Idan tazarar digiri 20 ce, zafi zai ratsa ninki biyu na tazarar digiri 10. Idan babu tazara, komai ya tsaya.

Na uku, sauƙin ratsawa. Wannan ya haɗa da irin abin da aka yi fayif ɗin da shi, kaurinsa, dattin da ya liƙe masa, da kuma ko ruwan yana motsi ko a kwance yake.

A taƙaice:

Zafin da ya ratsa = sauƙin ratsawa × faɗin fuska × tazarar digiri

Duk wani gyara da za ka yi, ɗaya daga cikin ukun nan kake taɓawa. Idan kana son zafi ya wuce, ƙara su. Idan kana son tsare shi, rage su.

3. ƊUMAMA RUWAN ƘYANƘYASA DA HUNTURU

Ƙwan tarwaɗa ya fi son ruwa mai digiri 27 zuwa 30. A nan cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka yake fashewa. Idan ruwan ya sauka zuwa digiri 20, sai ya haura kwana biyu, kuma iya daɗewarsa iya damar da fumfuna ke samu ta cinye shi. A Kano da Katsina da Zariya, daren Janairu yana sauka ƙasa da digiri 15.

Kafin ka kunna wuta ko ɗaya, fara toshe inda zafi ke zurarewa. Saka ma'aunin zafi a bakin bohol ɗinka da asubar hunturu, za ka ji ruwan da ɗumi yake fitowa, domin cikin ƙasa ba ya sanyi kamar sama. Mu ne ke tura shi tankin sama ya kwana iska na dukansa. To a naɗe tankin da soso ko buhunan ɓuntun shinkafa, a rufe fayif ɗin da ke sauko da ruwan, a rufe tagogin ɗakin da leda mai kauri.

Sannan a rufe saman bahon. Ga dalili: baho mai zurfin santimita 30 yana ɗauke da lita 300 a kowane murabba'in mita. Idan milimita ɗaya kacal ya ƙafe daga samansa, lita ɗaya ke nan, kilojul 2,400 sun tafi, zafin ruwan ya sauka da kusan digiri 2. Iskar hunturu kuwa busasshiya ce, shan ruwa take yi kamar soso. Leda ko tamfol da aka ɗaga kaɗan a saman baho, aka bar kafar iska a gefe, yana tsare zafin da hita za ta daɗe tana nema.

Idan an yi wannan duka ruwan bai kai ba, sai a zo ga na'urar musayar zafi ta gida: duro mai lita 200 cike da ruwan ɗumi a wajen ɗaki, da fayif a nannaɗe a cikinsa wanda ruwan kifi ke bi ya wuce. Ruwan duro daban, ruwan kifi daban, zafi kawai ke ratsawa. Ga yadda ake lissafin tsawon fayif ɗin.

Mataki na farko, nawa ne aikin? A ce ruwa na shiga bahonka lita 2 a minti, wato lita 120 a awa. Yana zuwa da digiri 21, kana son 29, tazara 8.
120 × 4.2 × 8 = kilojul 4,032 a awa.
Raba da 3,600, ka samu kilowat 1.12, wato wat 1,120. Mai wutar lantarki tsayayya, wannan hita huɗu ke nan masu wat 300 irin na tankin kifi.

Mataki na biyu, nawa ce tazarar? Ruwan duro digiri 50, ruwan kifi a tsakaice 25. Tazara 25.

Mataki na uku, sauƙin ratsawa. Ga baƙin fayif na roba mai milimita 20 da ke kwance cikin ruwan da ba a motsawa, ƙiyasin da nake aiki da shi wat 90 ne a kowane murabba'in mita, a kowane digiri.

Faɗin da ake buƙata = 1,120 ÷ (90 × 25) = rabin murabba'in mita.

Kowace mita ɗaya ta wannan fayif tana da fuska 0.063, ke nan mita 8. Injiniyoyi ba sa tsayawa daidai kan lissafi, suna ƙara wani abu saboda dattin da zai zo. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, sayi mita 10.

Abin lura a nan:

Duron zai riƙa rasa kusan digiri 5 kowace awa, don haka wuta ƙarama mai ɗorewa ake so, ba babba ta lokaci ɗaya ba. A awa 12 aikin ya kai kilojul 48,000. Kilo ɗaya na gas yana da kimanin 46,000, kuma kusan rabi iska ke kwashewa, to ka lissafa kilo biyu a dare.

Kar ruwan duron ya wuce digiri 55, kuma kar robar ta taɓa gindin duron da ke kan wuta. A ɗora ta kan bulo ko katako. Fayif ɗin ya zama sabo, irin na ruwan sha.

Wutar, ko gawayi ce ko gas, a waje take zama. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum a cikin barci, ba ya wari, ba ya sallama.

Kar ruwan ya fito daga fayif ya zarce kan 'ya'yan kifi. A sa ƙaramin tanki a tsakani mai kan famfo biyu, na ɗumi da na sanyi, a daidaita a nan da ma'aunin zafi. Ruwan ya faɗo cikinsa yana fantsama. Ruwan da aka ɗumama a rufaffen fayif yana riƙe da iskar da ta fi ƙarfinsa, idan ba ta fita ba sai ta zama ƙananan kumfa a jikin 'ya'yan kifi. Ruwan ɗumi kuma bai kai na sanyi riƙe oksijin ba: kusan miligiram 9 a lita a digiri 21, ƙasa da 8 a digiri 29. Kar a kashe injin ba da iska.

4. WANE IRIN FAYIF? KAR SUNAN TAGULLA YA RUƊE KA

Ana yawan tambayata, ba gara fayif ɗin jan ƙarfe irin na masu gyaran firji ba? A takarda haka ne. Ƙarfin ratsar da zafi na jan ƙarfe kusan 400 ne, alminiyam ya haura 200, baƙin ƙarfe kusan 50, sitenles kusan 16, robar fayif ba ta kai 1 ba.

Amma bangon fayif ba shi kaɗai ne shingen ba. A jikin kowane fayif, ciki da waje, akwai wani siririn ruwa da ke maƙale ba ya motsi, kuma shi ne babban mai tare hanya. Idan bangon ƙarfe ne mai kaurin milimita ɗaya, rabonsa a cikin tarewar ɗan mitsitsi ne. Shi ya sa idan ka lissafa, sitenles da jan ƙarfe kusan tsawo ɗaya za su buƙata a wannan duro, mita 4 zuwa 5. Roba kuma ninkin haka, amma kuɗinta bai kai ba.

Sannan ga magana mafi girma: jan ƙarfe guba ne ga kifi, musamman ƙwai da 'ya'ya. Kaɗan da zai narke cikin ruwa ya isa. Haka fayif ɗin ƙarfe mai rufin tutiya, irin farin nan na tsofaffin famfuna. A masana'anta, kafin a tambayi wane ƙarfe ya fi ratsar da zafi, ana fara tambayar wanne ne ba zai lalata abin da ke gudana a ciki ba. Mu ma haka: roba ta ruwan sha ko sitenles, shi ke nan.

Idan kana son ƙarin aiki daga fayif ɗin da kake da shi, motsa ruwan duron. Motsi yana kankare wancan siririn ruwan da ya maƙale. Dalilin da ya sa ake fifita shayi da cokali ke nan.

5. SU BI HANYA ƊAYA KO SU YI GABA DA GABA?

Ruwan da ke fita daga bahonka yana fita da digiri 28, ka biya kuɗin ɗumama shi, ga shi yana bin kwata. Ana iya ƙwato wani abu: a saka siririn fayif na sabon ruwa a cikin babban fayif ɗin da tsohon ruwa ke bi.

A nan alƙibla na da muhimmanci. Idan duka biyun suka shiga ta baki ɗaya suka nufi gefe ɗaya, mai 28 na sauka, mai 21 na hawa, sai su haɗu a tsakiya, digiri 24.5. Ko kilomita guda ka shimfiɗa ba za su wuce nan ba, domin tazara ta ƙare. Amma idan suka yi gaba da gaba, sabon ruwa ya shiga ta inda tsohon ke fita, to duk inda ya kai yana tarar da wanda ya fi shi ɗumi. Da fayif kamar mita 30 zuwa 35 zai iya kai 25, da wanda ya fi haka ya wuce. Digiri 4 daga cikin 8 ke nan, rabin gas ɗinka ya dawo aljihu. Yawancin na'urorin musayar zafi na masana'antu gaba da gaba ake zana su saboda wannan.

Sharaɗi ɗaya: kar a yi haɗi ko ɗaya a siririn fayif ɗin a cikin babban. Ɗigo ɗaya na tsohon ruwa cikin sabo, ka mayar da cuta baho.

6. ƊAKIN KAJI DA BAZARA

Mu koma wajen kaji da wannan ƙa'ida dai. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne. Idan iskar ɗaki 21 ce, tazara 20, zafi na fita daga jikinta cikin sauƙi. Idan iska ta kai 38, tazara ta koma 3. Ga gashi ya rufe ta, ga shi ba ta gumi. Abin da ya rage mata shi ne haki, wato ƙafar da ruwa daga maƙogwaro da hanyoyin numfashi. Lamba ta biyu ke nan, 2,400. Hakin kuma yana da farashi: tana fitar da iskar kabon da yawa daga jini, ɓawon ƙwai ya yi laushi, ta rage ci, girma ya tsaya.

Tabarmar sanyi, wadda 'yan kasuwa ke kira kulin fad, aikinta shi ne ta ƙafar da ruwan a bakin ɗaki, iska ta shigo da sanyinta, kazar ta huta da haki. Amma tana da iyaka, kuma za ka iya auna iyakar da kanka. Samu ma'aunin zafi biyu. Naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, ka riƙe su a inuwa gaban fanka minti biyar. Busasshen zai nuna zafin iska. Jiƙaƙƙen zai nuna ƙarshen sanyin da ƙafewar ruwa za ta iya bayarwa a wannan rana. Tabarma mai kaurin santimita 15 da aka saka daidai tana ba da kusan kashi 75 cikin 100 na tazarar da ke tsakaninsu.

Misalin Afrilu kafin ruwa ya sauka: iska digiri 40, danshinta kashi 15 cikin 100. Jiƙaƙƙen zai nuna kusan 20. Tazara 20, kashi uku cikin huɗu 15. Iska za ta shiga ɗaki da digiri 25.

Misalin damina: iska digiri 32, danshi kashi 75. Jiƙaƙƙen zai nuna kusan 28. Tazara 4, riba digiri 3 kawai, kuma danshin ɗakin ya haura kashi 90. A nan ka cuci kazar, domin hakinta ba zai ƙafar da komai ba a iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa. To idan danshin ɗaki ya wuce kashi 80, kashe famfon tabarma, bar fanka kawai. Wannan ne ya sa tabarma ta fi amfani a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi fiye da Legas ko Fatakwal.

Girman tabarma daga fanka ake lissafa shi. Duba takardar fankarka. A ce tana jan mita kubik 36,000 a awa, wato 10 a sakan. Iska ta ratsa irin wannan tabarma da gudun mita 1.5 zuwa 2 a sakan, idan ta fi haka ba ta daɗe a jikin ruwan ba, kuma tana fizgo ɗigo cikin ɗaki. 10 ÷ 2 = 5, 10 ÷ 1.5 = kusan 7. Ke nan kowace fanka irin wannan na son tabarma murabba'in mita 5 zuwa 7.

Ruwa fa? Mita kubik ɗaya na iska mai zafi nauyinsa kusan kilo 1.1 ne, kuma kilo ɗaya na iska kilojul ɗaya yake ci a digiri.
36,000 × 1.1 × 15 = kilojul 594,000 a awa.
Raba da 2,400, kusan lita 250 a awa. A awa shida na tsakar rana lita 1,500, fanka ɗaya ke nan. Wanda rijiyarsa ke ja baya a Afrilu ya yi wannan lissafi kafin ya biya kuɗin tabarma.

Sai kuma sharaɗin da ake yawan tsallakewa: ɗakin ya kasance a rufe ruf, duk iskar da fanka ta ja ta tabarma ta shigo. Iska malalaciya ce, idan ta ga ƙofa a buɗe ko yagaggen labule kusa da fanka, ta nan za ta bi. 'Yan tsakin satin farko kuwa ɗumi suke so, digiri 32 zuwa 34, ba a kunna musu tabarma.

Mai buɗaɗɗen ɗaki irin na yawancinmu, kai ma ƙa'idar ta shafe ka. Rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara ta gefen da iska ke shigowa, ka bar tazara tsakaninsu, kar ruwan ya ɗiga kan shimfiɗar kaji. Ɗora ciyawa ko zana a kan kwanon rufi. Rage yawan kaji a ɗaki kafin Maris. Kuma dubi fayif ɗin ruwan shansu: baƙar roba a rana na'urar musayar zafi ce da ka haɗa ba da niyya ba, tana dafa musu ruwa. Binne ta, yi wa tankin rumfa, ka zubar da ruwan da ya kwanta a fayif da tsakar rana kafin su sha.

7. DATTI, ABOKIN GABAR KOWACE NA'URA

Leƙa cikin tsohuwar butar shayi, za ka ga wani farin abu ya daskare kamar ƙanzo. Idan ruwa ya ƙafe, shi kaɗai ke tafiya, gishirin cikinsa yana nan. Tabarmar da ke shan lita 1,500 a rana tana tara gishirin lita 1,500 a rana. Haɗa da ƙura da gansakuka, cikin 'yan watanni ramukanta sun toshe, fanka na ihu iska ba ta shiga.

Maganinsa: a riƙa barin ɗan ruwa yana zuba waje daga tankin tabarma ana maye shi da sabo, a zubar da tankin gaba ɗaya a wanke duk sati, a bar tabarmar ta bushe sarai sau ɗaya kullum, a yi wa tankin murfi don rana kar ta haifar da gansakuka.

A fayif ɗin kifi ma haka. Yauƙi mai kaurin milimita ɗaya a cikin fayif na sitenles yana iya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na aikinsa, kuma maɓoyar ƙwayoyin cuta ne. Haɗa naka yadda za ka iya kwance shi ka wanke bayan kowace ƙyanƙyasa. Na'urar da ba a iya buɗewa a wanke, tun ranar haɗa ta aka fara binne ta.

8. WURARE BIYU DA LAMBAR 2,400 KE SAKE FITOWA

Ajiyar ƙwan ƙyanƙyasa. Ƙwan da ke jiran shiga inji yana son wuri mai sanyi, ƙasa da digiri 21, kuma kar ya wuce sati. Marar lantarki ya tuna da dabarar tukunya cikin tukunya, ƙarama a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Iyakarta ita ce dai abin da jiƙaƙƙen ma'auni ya nuna, don haka da rani take aiki, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Saka ma'auni a ciki ka gani da idonka, kuma kar ƙwan ya jiƙe.

Bandar kifi. A ce kilo 100 na ɗanyen kifi, kashi 75 ruwa ne. Kafin ya bushe ya rage danshi kashi 15, sai ka fitar da kusan lita 70, abin da zai rage bai kai kilo 30 ba. Lita 70 sau 2,400 ya kai kilojul 168,000, ban da wanda ke bin iska. Shi ya sa banda ke cin itace. A kamfanin sukari, tururin tukunyar farko shi ke dafa ta biyu, na biyu ya dafa ta uku, dabarar da Norbert Rillieux ya fito da ita a Amurka a shekarun 1840. Murhun Chorkor da aka fara a Accra ta Ghana a 1969 yana da tunani mai kama da wannan: ana jera ragogin kifi bisa juna, zafin da ya ratsa ta farko ya yi aiki a ta biyu har zuwa sama. Sai dai a bar wa tururi hanyar fita, a riƙa sauya wa ragogin wuri, kuma kar a fara da wuta mai ƙarfi. Idan fatar ta ƙame da wuri, ruwan ciki ya rasa hanya, bayan kwana kaɗan kifin ya yi fumfuna a kwali.

KAFIN KA KASHE KO NAIRA ƊAYA

Amsa waɗannan a takarda:

1. Lita nawa ko iska nawa a awa, kuma digiri nawa nake son canzawa?
2. Ta ina zafin ke zurarewa ko shigowa, na toshe?
3. Nawa ce tazarar zafin da nake da ita a mafi munin ranar shekara?
4. Abin da zan yi amfani da shi zai cutar da kifi ko kaza?
5. Ruwa da makamashin da zai ci, ina da su?
6. Yaya zan buɗe shi in wanke?

Aikin gida na wannan sati: kowa ya nemi ma'aunin zafi biyu. Masu kifi ku auna ruwa a bakin bohol, a tankin sama da cikin baho, ƙarfe shida na safe da huɗu na yamma, kwana uku a jere. Masu kaji ku auna busasshe da jiƙaƙƙe ƙarfe biyu na rana, a daidai tsayin kan kaza. Ku turo lambobin tare da sunan garinku da girman ɗaki ko baho, sai mu yi lissafin wasu daga ciki tare a darasi na gaba in sha Allahu.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu daga asara. Amin.